Yadda Ake Tsara Tarihin Rana Guda: Darasi Daga 15 Ga Janairu

Masu gabatar da shirye-shiryen safe a gidajen rediyon Kaduna, da malaman makaranta masu yi wa ɗalibai jawabi kafin a shiga aji, da matasa masu shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp, duk suna sha'awar kawo wa jama'a abin da ya faru a rana kamar ta yau a shekarun baya, tare da sunayen mashahuran da aka haifa a cikinta. Aiki ne mai amfani ƙwarai, domin mutumin da ba zai taɓa zama ya karanta littafin tarihi ba yana iya ba da minti biyar kowace safiya, kuma idan aka jera masa shekara guda a haka, zai san abubuwa da yawa game da ƙasarsa. Abin da ke rage wa aikin daraja shi ne yawancin abin da ake yaɗawa kwafe ne daga jerin da aka tsara wa mutanen Amurka da Ingila, har mai sauraro a Tudun Wada ko Kawo ya ji labarin haihuwar ɗan wasan da bai taɓa jin sunansa ba, alhali abin da ya faru a garinsu a wannan ranar ba a ko ambata shi ba. A nan za a bi aikin daga tattara bayani har zuwa karanta shi, kuma za a yi amfani da ranar 15 ga Janairu a matsayin misali, saboda babu wata rana a kalanda da ta shafi Kaduna kamarta.

Tanadin littafi

Kafin komai, mai wannan aiki ya tanadi babban littafin rubutu, ko fayil a kwamfuta, ya ware wa kowace rana ta shekara shafinta, wato shafi 366 har da 29 ga Fabrairu. Duk lokacin da ya ci karo da wani kwanan wata a littafi ko jarida ko jawabin wani masani, sai ya buɗe shafin ranar ya rubuta abu huɗu: abin da ya faru, inda ya faru, cikakken kwanan watan, da kuma inda ya samo bayanin har da lambar shafi. Wanda ya jira sai daren da zai gabatar da shiri sannan ya fara nema, dole ya ɗauki abin da intanet ta fara miƙo masa, kuma daga nan ne kurakurai suke shigowa. Wanda kuwa yake tarawa a hankali duk shekara, idan ranar ta zo zai tarar da abin da ya fi ƙarfin lokacin da aka ba shi, sai ya zama aikinsa zaɓe ne, ba nema ba.

A fara daga gida

Ka'idar zaɓe ita ce kusanci. A fara da abin da ya faru a Kaduna, sannan Arewa, sannan Najeriya, sannan Afirka da ƙasashen da muke da alaƙar addini ko ciniki da su, sannan sauran duniya. Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan 15 ga Janairu, babu gardama game da abin da zai zo a farko.

A daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu, 1966, wasu matasan hafsoshin soja suka yi yunƙurin kifar da gwamnatin Jamhuriya ta Farko. A Kaduna, Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu, wanda a garin aka haife shi kuma babban malami ne a kwalejin horar da sojoji ta nan, ya fito da dakaru da sunan atisayen dare da aka laƙaba wa Damisa, ya kai hari gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, kafin asuba. An kashe Sardauna tare da uwargidansa Hafsatu. A daren nan kuma, a cikin Kaduna, an kashe Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ta ɗaya, tare da matarsa, an kuma kashe Kanar Ralph Shodeinde. A Ibadan an kashe Firimiyan Jihar Yamma, Samuel Ladoke Akintola. A Legas an ɗauke Firaminista Sir Abubakar Tafawa Balewa da ministan kuɗi Festus Okotie-Eboh, dukansu biyu ba su dawo da rai ba, kuma an kashe Birgediya Zakariya Maimalari, da Kanar Kur Mohammed, da Laftana Kanar Abogo Largema, da Laftana Kanar James Pam, da Laftana Kanar Arthur Unegbe. Da rana ta yi, Nzeogwu ya yi jawabi ta gidan rediyon Kaduna, ya ce an kafa dokar soja a lardunan Arewa.

An kawo sunayen duka a nan ne da gangan, domin mai tsara shiri ya ga cewa ambaton mutum ɗaya ko biyu kawai yana sauya fuskar labarin. Sardauna shi ne babban rashin Arewa, mutumin da ya riƙe firimiya tun daga 1954, wanda a zamaninsa aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1962, kuma ya cancanci a ba shi mafi tsawon lokaci a shirin da ake yi wa mutanen Kaduna. Amma Ademulegun da Shodeinde ma a wannan gari aka zubar da jininsu, suna da 'ya'ya da jikoki, kuma gaskiyar tarihi ta haɗa da su.

Abu na biyu a ranar shi ma na gida ne. A ranar 15 ga Janairu, 1970, a Barikin Dodan da ke Legas, Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara ga Shugaban Ƙasa Janar Yakubu Gowon, aka kawo ƙarshen yaƙin basasar da aka fara a ranar 6 ga Yuli, 1967. Saboda haka ne Najeriya ta mayar da Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya zuwa 15 ga Janairu, bayan a da ana yin ta ne ranar 11 ga Nuwamba kamar sauran ƙasashen rainon Ingila. Shekara huɗu cif tsakanin daren da rikicin ya fara tsiro da ranar da aka ajiye makamai, kuma mai tsara shiri da ya san aikinsa zai haɗa labaran biyu a matsayin farko da ƙarshen abu guda, maimakon ya karanta su a rarrabe kamar ba su san juna ba.

Tantance kwanan wata

Wannan shi ne sashen da ya fi wahala, kuma shi ne ke bambanta mai bincike da mai kwafe. Manyan al'amura ba sa faruwa a yini guda. Suna ɗaukar kwanaki, sai daga baya mutane su tattara su duka su ɗora wa rana ɗaya. Aikin mai tsara shiri shi ne ya warware su, ya mayar da kowanne ranarsa.

Ga misali, sau da yawa akan ji an ce Janar Aguiyi-Ironsi ya hau mulki ranar 15 ga Janairu, 1966. Ba haka ba ne, domin sai ranar 16 ga wata ne sauran ministoci suka miƙa masa ragamar gwamnati. Haka kuma an ɗauke Tafawa Balewa ne a daren 15, amma sai bayan kwanaki aka gano gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai shi Bauchi aka binne. Wanda ya ce an sanar da rasuwarsa a ranar juyin mulkin ya faɗi abin da bai faru ba, ya kuma shafe kwanakin zullumin da ƙasa ta yi ba a san inda Firaminista yake ba. A batun ƙarshen yaƙi ma haka ne: jagoran Biyafara Odumegwu Ojukwu ya bar yankin zuwa Kwaddebuwa ranar 11 ga Janairu, 1970, Effiong ya yi jawabin tsagaita wuta ta rediyo ranar 12, sannan aka yi bikin miƙa wuya a hukumance ranar 15. Ranaku uku ne, kowacce da shafinta a littafin tanadi.

Akwai kuma tarkon wa'adi da bambancin agogo. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Iraƙi wa'adin 15 ga Janairu, 1991, ta janye sojojinta daga Kuwait, kuma dattawan Kaduna da yawa suna tuna yadda aka kwana ana sauraron rediyo a lokacin. Sai dai ba a ranar aka fara yaƙin ba. An fara ruwan bama-bamai ne da tsakar daren 17 ga wata a agogon Bagadaza, lokacin da a Washington yammacin 16 ne, shi ya sa littattafan Amurka suke rubuta 16, wasu kuma suke rubuta 17. Ka'idar da ta fi dacewa ita ce a bi agogon wurin da abin ya faru. A shafin 15 ga Janairu, abin da za a rubuta shi ne cikar wa'adi, ba fara yaƙi ba.

Kada a amince da kwanan wata sai an same shi a wuri biyu da ba su kwafi juna ba. Shafuka goma na intanet da suka kawo jimla iri ɗaya, kalma da kalma, shaida ɗaya ce tak. Yana kuma da kyau a duba ranar mako, domin yawancin wayoyin hannu suna iya nuna kalandar shekarun baya: idan littafi ya ce abu ya faru ranar Lahadi 15 ga Janairu, 1966, to akwai kuskure a ciki, tunda ranar Asabar ce.

Inda ake samun bayani a Kaduna

Mazaunin Kaduna ya yi dace, domin muhimman ma'ajiyoyin tarihin Arewa suna kusa da shi. Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, wanda a harabarsa Sardauna ya zauna, ya zama cibiyar adana tarihi da bincike ta Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1970, kuma yana da ɗakin karatu da takardu da hotuna. Reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin gwamnatin Jihar Arewa tun daga zamanin Turawa. A Zariya akwai ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a jami'a. Tsofaffin jaridu su ne abokan aiki na kusa: Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a watan Janairun 1939, da New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna ranar 1 ga Janairu, 1966, mako biyu kacal kafin juyin mulkin.

Karanta tsohuwar jarida yana da nasa ladabi. Ma'aikacin ɗakin karatu zai kawo kundin da aka ɗinke fitowar watanni a cikinsa, mai nauyi, takardarsa ta yi jaja-jaja, gefenta yana marmashewa idan aka ja da ƙarfi. A shimfiɗa shi a kan tebur, a riƙa ɗaga shafi daga kusurwar sama da hannu biyu, kada a lasa yatsa, kada a ɗora gwiwar hannu a kai, kuma a yi rubutu da fensir domin kada tawada ta ɗiga. Kafin a ɗauki hoto da waya a nemi izini. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a tuna cewa kwanan watan da ke saman jarida ranar fitowarta ce, ba ranar da abin ya faru ba. Jaridar kullum tana ba da labarin jiya ne, ta mako kuwa tana iya ba da labarin abin da ya kwana shida. Saboda haka mai neman abin da ya faru ranar 15 sai ya buɗe fitowar 16 da 17 da ta makon gaba, ya riƙa lura da kalmomi irin su jiya da shekaranjiya da ranar Asabar da ta wuce, ya yi lissafi da kansa.

Intanet ba abin ƙi ba ce. Wikipedia, wadda ita ma ranar 15 ga Janairu, 2001, aka buɗe ta, tana da shafi na kowace rana, kuma tana da sashen Hausa. A ɗauke ta a matsayin mai nuna hanya: ta ba da suna da shekara, mai bincike ya bi sawu ya tabbatar a wani wuri.

Dattawa ma ma'ajiya ce, kuma tasu ma'ajiyar ba ta da tabbacin daɗewa. A Unguwar Sarki da Unguwar Shanu da Tudun Wada har yanzu akwai waɗanda suka wayi gari a Kaduna ranar da abin ya faru. A je musu bayan la'asar, a gaisa a natse, kada a fara da tambayar kwanan wata, domin ba da lamba suke riƙe da abin ba. A ce: "Baba, ranar da aka rasa Sardauna, kuna ina labari ya same ku?" Idan malami ne a ce: "Allah gafarta Malam, yaya gari ya kasance a wannan yini?" Daga amsarsu za a samu abin da babu shi a fayil, wato yadda labari ya bazu a unguwa, da yadda kasuwa ta kasance, da abin da mutane suka ce wa juna. Daga takarda ake ɗaukar lamba, daga bakin dattijo ake ɗaukar yanayi, kuma ba a ambaton sunansa a shiri sai da yardarsa.

Kalanda biyu, har uku

Yawancin dattawan za su ce abin ya faru ne cikin azumi, kuma gaskiyarsu ne, domin 15 ga Janairu, 1966, ta faɗo ne a cikin watan Ramalan na shekarar 1385 bayan Hijira. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka ranar tunawa da abu guda tana da wuri biyu a shekara, ɗaya tsayayye a kalandar Miladiyya, ɗaya kuma mai zagayawa. Wannan ya fi fitowa fili a tarihin Daular Usmaniyya, wanda malamanta suka rubuta da kalandar Hijira. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya rasu ranar 3 ga Jimada Akhir, 1232, wadda ta yi daidai da 20 ga Afrilu, 1817. Mai shiri yana iya tunawa da rasuwar a kowace 20 ga Afrilu ko a kowace 3 ga Jimada Akhir, amma ya faɗa wa masu sauraro da wace kalanda yake aiki. Manhajojin da ke juya kwanan wata daga wannan kalanda zuwa waccan suna iya saɓawa da kwana ɗaya, tunda a da da yanzu ganin wata ake bi, ba lissafi kaɗai ba, don haka idan tushen bayani ya ambaci ranar mako, ita ce za ta raba gardama.

Ita kanta kalandar Miladiyya an yi mata gyara a 1582, inda aka tsallake kwana 10 a watan Oktoba, kuma Ingila ba ta karɓi gyaran ba sai 1752. Jerin 15 ga Janairu yakan kawo naɗin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya a 1559, wanda a tsohon lissafi ne. A lissafin da muke bi yau 25 ga Janairu ke nan. Al'adar marubuta tarihi ita ce a bar irin wannan kwanan wata yadda mutanen zamanin suka rubuta shi, kuma babu laifi a bi su.

Ranakun haihuwa

A nan ma zaɓe ake yi, ba tarawa ba. Mutum uku da aka yi wa cikakken bayani sun fi ashirin da aka jera sunayensu. Ga kowane mutum a kawo shekarar haihuwa da garin, da abu ɗaya ko biyu da ya sa aka san shi, da kuma igiyar da ta haɗa shi da mai sauraro, idan akwai.

Ranar 15 ga Janairu tana da manyan mutane biyu da ba a tsallake su. An haifi Jamal Abdul Nasir a Iskandariyya ta ƙasar Masar a 1918. Yana cikin jagororin hafsoshin da suka kawar da sarautar Masar a 1952, shi ne ya mayar da mashigin Suwez hannun ƙasarsa a 1956, kuma ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1970, yana da shekara 52. Babbar madatsar ruwan Aswan da aka fara ginawa a zamaninsa an yi bikin buɗe ta ne ranar 15 ga Janairu, 1971, wato ranar haihuwarsa ta farko bayan rasuwarsa, kuma wannan ya ba mai shiri damar haɗa haihuwa da al'amari a numfashi ɗaya.

An haifi Martin Luther King a birnin Atlanta na Amurka a 1929. Limamin coci ne da ya jagoranci fafutukar neman 'yancin baƙaƙen fata ba tare da ɗaukar makami ba, ya samu kyautar zaman lafiya ta Nobel a 1964, aka harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968, yana da shekara 39. Igiyar da ta haɗa shi da mu ita ce ya zo Legas a watan Nuwamban 1960 domin halartar rantsar da Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar. A lura cewa hutun da Amurka take yi domin tunawa da shi yana faɗawa ne a Litinin ta uku ta Janairu, ba lallai ranar 15 ba, kuma masu kwafe sukan gauraya su.

Domin matasa masu son ƙwallo, akwai El Hadji Diouf na Senegal, wanda aka haifa a 1981, gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 2001 da 2002, wanda yake cikin tawagar da ta doke Faransa da ci ɗaya da nema a wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2002.

Matsalar da ta fi damun mai aiki a Arewa ita ce manyanmu na da ba a rubuta ranakun haihuwarsu ba. Game da Tafawa Balewa, abin da aka fi kawowa shi ne watan Disamba na 1912, babu rana. Game da Sardauna, wasu littattafai sun ce 1909, wasu 1910. Mutane da yawa kuma an rubuta musu 1 ga Janairu ne a takardun makaranta ko na aiki saboda sai an cike gurbi, ba don ranar aka haife su ba. Kada a ƙirƙiro wa kowa ranar haihuwa domin a cike shafi. Mafita ita ce a tuna da irin waɗannan bayin Allah a ranar da aka tabbatar, kamar ranar naɗi ko ranar kama aiki ko ranar rasuwa, wadda ma ita ce al'adarmu ta fi riƙewa, tunda a ranar ake yi wa mamaci addu'a. Idan mutum yana raye, a tabbatar yana raye kafin a taya shi murna, kuma a tsaya ga waɗanda aikinsu na jama'a ne.

Sauran duniya

Bayan na gida da ranakun haihuwa, abu biyu ko uku daga waje sun isa. Daga Afirka akwai yarjejeniyar Alvor ta 15 ga Janairu, 1975, wadda Fotugal ta sa hannu a kanta da ƙungiyoyin 'yan gwagwarmayar Angola uku, aka tsayar da 11 ga Nuwamba na shekarar a matsayin ranar 'yanci. Daga Ingila akwai buɗe gidan tarihi na Birtaniya a Landan a 1759, wanda ya shafe mu domin a can ne ake ajiye da yawa daga kayan tagullar Benin da aka kwashe a 1897. Idan ana son labari mai sanyaya rai, akwai jirgin saman fasinja da ya yi karo da tsuntsaye ya sauka a kan kogin Hudson na New York a 2009, dukan mutum 155 da ke cikinsa suka tsira. Abin da ba a iya samo masa dalilin da zai sa mutumin Kaduna ya kula da shi, a bar shi a littafi.

Harshe da tsari

Kaduna gari ne na kowa, kuma ta sha ɗanɗana abin da kalma mara kan gado take jawowa. Idan ana ba da labarin 1966 da na yaƙin basasa, a ambaci mutane da sunayensu da muƙamansu, kada a ɗora laifin mutum a kan ƙabilarsa ko addininsa. A faɗi abin da ya faru a fili, ba tare da ɓoyewa ko ƙarin gishiri ba, a yi wa mamata addu'a yadda aka saba, a kuma guji kawo adadin waɗanda suka mutu a yaƙi sai in an faɗi wanda ya ba da adadin. Maganar da aka jingina wa wani shugaba, musamman irin wadda ke yawo a WhatsApp a ƙarƙashin hotonsa, kada a karanta ta sai an gan ta a jawabinsa da aka buga ko aka naɗa.

Wajen tsari, ba dole ba ne a bi jerin shekaru daga mafi tsufa. A fara da mafi nauyi, a ba shi kusan rabin lokaci, sauran su biyo baya a taƙaice. A shirin minti biyar, abu biyar zuwa bakwai sun wadatar. A rubuta jimloli yadda baki zai iya ɗauka, a karanta da murya kafin a shiga ɗakin watsa shiri, a kuma tambayi yadda ake furta sunaye irin su Ademulegun da Okotie-Eboh daga bakin waɗanda suka san harshen. Lissafin shekarun da suka wuce a sake yin sa kowace shekara, domin shi ne abin da aka fi mantawa idan aka ɗauko rubutun bara. Buɗewar shirin tana iya zama kamar haka:

"Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Yau 15 ga watan Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A rana kamar ta yau a shekarar 1966, a nan garin Kaduna, cikin watan azumi, sojoji suka kai hari gidan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. Allah ya jiƙansu da rahama."

Daga nan sai a kawo sauran waɗanda aka rasa a daren, a wuce zuwa Barikin Dodan da 1970, sannan Nasir da Aswan, sannan King da Diouf, a rufe da abu ɗaya daga waje.

Bayan an gabatar, za a samu masu kira ko masu rubutowa da gyara, kuma a Kaduna cikinsu akwai tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa da tsofaffin sojoji da malaman jami'a da suka fi mai shirin sanin abin. A karɓi gyaran da girmamawa, a tambayi mai gyaran inda ya samo bayaninsa, a koma a bincika. Idan ya tabbata, a sanar a shiri na gaba, a kuma shigar da shi a shafin ranar tare da tushensa, a ja layi a kan tsohon bayanin ba tare da an goge shi ba, domin wanda zai gaji littafin ya ga abin da aka sauya da dalilin sauya shi.